Wa ta taɓa fita waje hutu da tsohon ciki? Ya kuka yi da inshora?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema daga waɗanda abin ya taɓa faruwa da su da kansu. Cikina sati 26 yanzu, na biyu ne, na farkon lafiya lau na haihu da kaina. Maigida ya samu hutu ya biya mana tafiya Istanbul kwana 10, ranar tashi ina sati 30, dawowa na kusa 32. Ejan ɗin da ya yi mana biza ya haɗa mana da inshora ya ce wai komai na ciki, to daren jiya na kasa barci na buɗe takardar a waya ina bi layi layi, sai na ga an jera ciki da haihuwa a cikin abubuwan da ba sa biya, wallahi gabana sai da ya faɗi. Wadda ta taɓa tafiya da ciki irin haka ta faɗa min yadda ta kaya, mai daɗi da mara daɗi duka.

Ummu Bakwaini:
Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa gara da kika karanta, ni ban karanta tawa ba sai a gadon asibiti. 2019 muka je Dubai da ciki sati 29, hutu ne da sayen kayan jariri, lafiyata ƙalau ko ciwon kai babu. Kwana na huɗu muna cikin wani shago a Deira ina riƙe da 'yan riguna biyu ina tambayar kuɗi sai na ji ɗumi yana bin ƙafata, na zata fitsari ne ya kufce min, na duba ƙasa na ga ruwa ya jiƙa silifas ɗina har ya kwanta a tayil. Faya ce ta fashe. Kwana biyu suna ƙoƙarin riƙe cikin, a na uku aka yi min tiyata, yarinya ko tsawon hannun babanta ba ta kai ba aka wuce da ita kwalba.

Nan ne muka san akwai bambanci. Inshorar ta biya nawa, tiyata da gado da magani, tunda matsala ce ta taso ba haihuwar da aka shirya ba. Amma ta yarinya suka ce sunanta ba ya cikin takarda, mutum biyu aka yi wa inshora ba uku ba. Kuma kuɗin ai a wajen yarinyar yake, sati biyar ta yi a kwalba, kowace safiya sai an turo lissafi. Fili muka sayar a gida, yayyena suka haɗa, surukina ya sayar da motarsa. Ga otal da muka ci gaba da biya, ga tikitin da ya mutu, ga bizarmu ta yawon buɗe ido da sai da aka yi ta sabuntawa. Sannan takardu: kafin su ba da takardar haihuwa sai da aka aiko mana da takardar aurenmu daga gida, daga nan muka je ofishin jakadancin Najeriya aka yi mata takardar tafiya, don haihuwa a can ba ta mai da yaro ɗan ƙasa. Alhamdulillah yanzu tana firamare, amma dan Allah ki tambaye su a rubuce: in na haihu kafin lokaci, jaririn yana ciki ko ba ya ciki?

Maman Ilham:
Innalillahi. Sannu Anti, Allah ya raya ta. Wallahi tunanina duk a kaina yake, ban taɓa kawo na jaririn ba.

Hajiyar Kwari:
Ni tawa ba ta kai nan ba, a filin jirgi aka tsayar da ni. Yawancin jirage suna ɗaukar mai ciki har zuwa sati 36 in ɗa ɗaya ne, 'yan biyu kuma 32, amma daga wajen sati 28 sai da takardar likita. Na karɓi tawa a Kano na tafi da ita lafiya, na yi kwana 12, ranar dawowa ma'aikaciyar jirgin ta kalli cikina ta kalli kwanan watan takardar ta ce ta tsufa, su nasu kada ta wuce kwana 7. Jirgi ya tashi ya bar ni, sai da na nemi likita a can na biya ya duba ni ya rubuta sabuwa, na kuma biya canjin tikiti, inshora ko sisi ba su mayar min ba. Ke da za ki yi kwana 10 ki shiga shafin jirgin naku ki duba wannan tun yanzu, ta dawowa ce ke kama mutane.

Anti Ungozoma:
Bari in sa baki ta ɓangaren aikinmu, kuma ni ma na taɓa tafiya Alƙahira da ciki sati 28. Kafin maganar inshora ki fara zama da likitanki na awo. In kina da hawan jini, ko ciwon suga na ciki, ko sikanin ya nuna mabiyiya ta sauko ƙasa, ko kin taɓa zubar jini a wannan cikin, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, to ki haƙura kawai. Kuma duk abin da ke cikin katin awonki ki faɗa wa masu inshora tun farko, don in abu ya faru fayil ɗinki suke nema, suka ga kin ɓoye wani abu da shi za su fake su ƙi biya. An yi wata 'yar Kanada da ta je hutu Hawaii a 2013 da ciki wata shida, da inshorarta, ta haihu a can, lissafi ya kusa dala miliyan ɗaya kamfanin ya ƙi biya ya ce tana da matsala tun kafin ta taso.

A jirgi kuma abin da muke tsoro shi ne daskarewar jini a ƙafa, mai ciki ta fi kowa haɗarinsa. Ki nemi kujerar bakin hanya, ki dinga tashi kina takawa, ki sha ruwa sosai, ki sa safar nan mai matse ƙafa, bel kuma a ƙasan ciki ake ɗaura shi. Katin awo da sikanin na ƙarshe da rukunin jininki su zauna a jakar hannu, ba a akwati ba. Allurar shawara ba a cika yi wa mai ciki ba, in katinki na da yana nan shi kenan, in babu ki yi wa likita magana da wuri.

Yar Birmingham:
Masu zuwa Ingila ziyara su ji wannan, don ƙanwata ta zo min da ciki sati 31 jininta ya hau aka kwantar da ita kwana shida. Mutane suna ɗauka asibitin gwamnati kyauta ne a nan. Sashen gaggawa kam ba a biya, kuma mai ciki ba za su kore ta don ba ta da kuɗi ba, amma da zarar an ba ki gado lissafi ya fara, baƙo kuma kashi 150 cikin ɗari ake caje shi. Bashin da ya kai fam 500 in ya wuce wata biyu ba a biya ba ana kai sunanki ma'aikatar cikin gida, yana iya hana ki biza nan gaba. Inshorarta ashe a sati 26 ta tsaya, mu muka yi ta biya kaɗan kaɗan sama da shekara. Haka masu bizar Shengen ta ƙasashen Turai, ana tilasta inshorar da ta kai yuro 30,000 kafin a ba ka biza, amma wannan sharaɗin biza ne kawai, ba ya nufin ciki na ciki.

Maman Sudais:
Ni dai kar a tsorata ta gaba ɗaya. Na je umara da ciki sati 30 na dawo lafiya, a keke aka tura ni ɗawafi da sa'ayi, ƙafa ce kawai ta kumbura. Bizar umara tana zuwa da inshorar lafiya ta gaggawa, da na ji marata na ɗaurewa a Makka an duba ni an sa min ruwa ban biya komai ba. Sai dai gaskiya da haihuwa ce ta zo ban san inda za mu kwana ba, don ban karanta ba ni ma. Hajji dai kun san ba a barin mai ciki, hukumar alhazai gwaji take yi.

Baban Yara:
Ku yi haƙuri namiji ya shigo, matata ce ta nuna min. Mu an biya mu, kuma abu biyu ne suka cece mu. Na farko ban ɗauki ta ejan ba, na nemi kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, da kaina tunda ina da shakku kan inshorar da aka saba, na tura musu imel na ce matata tana sati kaza, za mu dawo tana sati kaza, ku rubuto min har sati nawa kuke ɗauka, jariri fa, dawo da mara lafiya gida fa, in likita ya hana tafiya za ku mayar da kuɗin tikiti da otal? Wurare biyu suka ce ba sa yi, na uku ya yarda da ƙarin kuɗi. Na biyu, da jini ya ɓalle mata tsakar dare tun muna cikin tasi na kira lambar gaggawar da ke jikin takardar, su suka faɗa min asibitin da zan kai ta suka turo wa asibitin takardar lamuni. Wani abokina da ya biya da aljihunsa ya dawo gida da rasit har yau yana bi. Malama ki ce wa maigidan shi ya yi wannan zirga-zirgar, ke ki huta.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna masa duka, na Anti Ummu Bakwaini sau biyu ya karanta bai ce komai ba. Yau da safe ya kira kamfanin, sun ce tamu a sati 24 ta tsaya kuma jariri ba ya ciki, ke nan tun kafin a saya ma na wuce. Ya tura wa wasu biyu imel da tambayoyin Baban Yara, ni kuma ina da awo ranar Talata zan tambayi likita. In ba mu samu wadda ta rubuta jariri ƙarara ba mun yanke za a ɗaga tikitin sai bayan arba'in. Hajiyar Kwari dan Allah likitan da ya rubuta miki ta dawowa, asibiti kika je ko otal ne suka kira miki shi?