Ƙauyen da za mu kai yara kusa da Sheffield

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata takwas ke nan muna Sheffield ta Ingila, yara ba su ga komai ba sai benaye da kwalta. Wane ƙauye ne kusa da za mu wuni mu dawo? Ba mu da mota.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, ku je Eyam, su "Iim" suke cewa. A yankin Peak District yake, kuma akwai bas daga Sheffield. Gidaje duk na dutse, coci a tsakiya, tumaki a kan tuddai. Mutanen garin kusan dubu ne, kowa ya san kowa.

Anti Bilki: Na goyi bayan Malam. Ni tarihinsu ne ya kama ni. A 1665 aka kawo wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, ashe da ƙuma mai ɗauke da annoba a ciki. Da mutuwa ta yi yawa, limamin cocinsu, William Mompesson, ya shawo kansu suka killace kansu, ba shiga ba fita, don kada cutar ta kai ga maƙwabta. Wajen mutum 260 suka rasu. Har yau dutsen iyakar garin yana nan da 'yan ramukansa, inda suke ajiye kuɗi cikin ruwan khal, a kawo musu abinci a bari. Amma inda jikina ya yi sanyi shi ne Riley Graves. Nan Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Na daɗe a tsaye.

Malam Sani: Allahu Akbar. Abin da hadisi ya koya mana ke nan: annoba in ta sauka a gari, na ciki kada ya fita, na waje kada ya shiga.

Baban Zara: Hajiya, a tafi da guzuri da darduma, babu masallaci a can. A kuma ja wa yara kunne: gidajen da aka kafa wa allon sunayen waɗanda annobar ta kashe, akwai mutane a ciki yanzu, ban da leƙen taga. In kun bi hanyar ƙafa ta cikin makiyaya, duk ƙyauren da kuka samu a rufe ku mayar da shi. Kuma ku yi gaisuwa, can ba kamar birni ba ne, suna amsawa da fara'a.

Maman Hanif: Madalla, Allah ya saka. Wane lokaci ya fi?

Anti Bilki: Ƙarshen Agusta, ƙanwata. Lokacin suke ƙawata rijiyoyinsu: a shafe allo da yumɓu, a jera furanni ɗaya bayan ɗaya har su zama hoto. Aikin gayya ne, yaro da babba. Takalmi mai ƙwari dai, akwai taɓo, kuma ki duba lokacin bas na ƙarshe tun kafin ki fito.