Ninkin takarda na lokacin zubar ganye ga 'yan shekara 4

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A Ingila muke zaune, yanzu Oktoba, ganyaye duk sun rine ja da ruwan ɗorawa suna ta zuba. Malamar 'yan biyuna ta ce a yi wani abin takarda a gida kan wannan yanayi. Na gwada musu origami, ninkin nan na Japan, aka tashi da kuka. Yatsun ba su ƙware ba. Ina mafita?

Anti Mai Nazare:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, rabu da tsuntsun origamin nan mai ninki barkatai. Yanko takarda mai kusurwa uku, su riƙa ninkawa gaba da baya kamar mafici, ki karya ta biyu a tsakiya, ki manne da gam. Ganye ya fito ke nan. Almakashi dai ya tsaya a hannunki.

Baban Ɗalibai:
Mu nan Zariya kaka girbi ce. Takarda muke naɗewa siririya, a shafa gam, a barbaɗa gero, ta zama zangarniya. Sai an sa ido, wani a hanci yake turawa.

Maman 'Yan Biyu:
Anti, Allah ya saka da alheri! Ganye 6 muka yi, biyu sun yage.