An turo ni aikin jinya garin 'yan asalin Kanada, sun ƙi sakin jiki da ni

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata biyu a lardin Manitoba. Yanzu ana tura ni wani garin ƙabilar Kiri (Cree) can arewa, sai a jirgin sama ake zuwa, in yi sati uku in dawo. Damuwata mutanen ne. In na yi tambaya sai su sunkuyar da kai, a daɗe kafin a ce uffan. Na ba mai ciwon suga lokaci bai zo ba. Jiya wata tsohuwa ta kawo jikanta da tari, ina tambayar su nawa ke kwana ɗaki ɗaya, kawai ta saɓa yaron ta fita. Ban yi barci ba. Me na yi? Kuma an ce in zan nemi shawarar dattijo sai na miƙa masa taba, abin ya tsaya mini a rai.

Yayarku ta Winifeg: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba ke tsohuwar nan ta guda ba, takardar hannunki ta guda. A lardin nan kusan kashi 90 cikin 100 na yaran da hukuma ta raba da iyayensu 'ya'yan 'yan asali ne, kuma sun san doka ta ɗora wa ma'aikacin lafiya kai rahoto in ya ga alamar yaro yana cikin haɗari. To baƙuwa ta zo tana tambayar mutum nawa ne a ɗaki tana rubutawa, me kike so ta zata? Wataƙila ita kanta an ɗauke ta tana yarinya. Yara wajen 150,000 aka kwashe zuwa makarantun kwana na gwamnati da coci, ana dukansu in sun yi yarensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Gobe ki fara faɗin dalili kafin tambaya: ina so in san ko tarin zai kama sauran yaran gidan. Ki ajiye biro tukuna.

Wani likita, Saskacewan: Sister, ke fa 'yar Arewa ce. Kin manta 2003 da aka ƙi rigakafin shan inna a Kano? Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Su ma haka. A shekarun 1940 an yi gwajin abinci da sinadarai a kan mutanen Norway House, wani garin Kiri a Manitoba, da kewaye suna cikin yunwa, ba da cikakken saninsu ba. A 2008 wani ɗan asali mai suna Brian Sinclair ya yi awa 34 a ɗakin gaggawa na wani asibiti a Winifeg, ya rasu a kan kekensa na guragu ba wanda ya duba shi. Duk wanda ya shigo wurinki ya san labarin nan. Kuma ke ce ta nawa da suka gani a bana? Kowa sati uku ya tafi.

Maman biyu: Ni dai dariya ma kika ba ni, wallahi. Sunkuyar da kai? Ke kina kallon tsabar idon kakarki in tana magana? Kunya ce irin tamu. Shirun ma tunani ne, kada ki cike shi da sabuwar tambaya. Har nuni da baki suna yi kamar mu. Ki koyi "tansi", gaisuwarsu ce, tsofaffin mata kuma ana ce musu "kokom", wato kaka, amma ki tambaya kafin ki kira wata haka.

Baban Ummi: Batun mai sugan, kin taɓa shiga kantin garin kin ga kuɗin kayan lambu da madara? Irin kayan nan a jirgi suke zuwa. In kika ce masa ya riƙa cin salak kullum, kunyar cewa ba shi da hali za ta hana shi dawowa. Tambaye shi kifi da naman daji da yake samu, ku tsara daga nan.

Malam na Toronto: Tabar nan a wurinsu ba ta zuƙa don nishaɗi ba ce, tana kama da goron da muke kai wa manya, sai dai tana da alaƙa da addu'arsu ta gargajiya. Shi ya sa ba zan yanke miki hukunci a nan ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki faɗa musu gaskiya cikin ladabi, ki kai shayi ko yadi. Abin da ba sa so shi ne a yatsine fuska in suna turaren ganyensu.

Yayarku ta Winifeg: Na manta, akwai ma'aikaciyar lafiya 'yar garin a asibitinku, ko? Da ɗan gari akan ci gari. Ita za ta raka ki.

Mai tambaya: Akwai, Yaya, kuma kunya ta kama ni, don tun zuwana aike kawai nake ba ta. Na same ta ɗazu. Ashe tsohuwar gwaggonta ce. Ta ce in soya ƙosai in zo da shi, gobe bayan an tashi aiki za mu je gidan tare, kuma in bar fayil ɗin a ofis.