Wane suna za mu raɗa wa "cross-stitch" da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe da masu aikin allura. Akwai wani aikin hannu da ya yaɗu a intanet, inda mutum kan ɗauki hoton bangon kundin waƙoƙin da ya fi ƙauna, ya mayar da shi zane na zare a kan ƙyalle, sannan ya sa shi a firam ya rataye a ɗaki. Ingilishi na kiran irin wannan ɗinki "cross-stitch", Faransanci na cewa "point de croix", Jamusanci kuma "Kreuzstich". Mu har yanzu ba mu tsayar da magana ɗaya ba, wani ya ce saƙa, wani ya ce ɗinkin hannu, wani kuwa ya furta na Turancin ya wuce abinsa. Ina da shawara, amma sai mun fara duba aikin kansa.

Ana yin sa ne galibi a kan wani ƙyalle mai suna Aida, wanda aka saƙa shi ya fito da ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, da rami a kowace kusurwa. Wanda aka fi amfani da shi yana da gida 14 a tsawon inci ɗaya, akwai kuma mai 11, da mai 16, da mai 18. Allurar ba ta da tsini sosai, domin ana so ta bi ramin da ke akwai, kada ta huda sabo. Zaren na auduga ne mai sili shida, ana zare biyu a yi aiki da su. Mai aikin zai fito da allura daga kusurwar ƙasa ta hagu ya shigar da ita a ta sama ta dama, sannan ya fito daga ta ƙasa ta dama ya shigar a ta sama ta hagu, sai zare ya hau kan zare ya cike gidan. Ƙa'idar da ƙwararru ba sa wasa da ita ita ce zaren sama ya riƙa fuskantar gefe ɗaya tun daga gidan farko har na ƙarshe, in ba haka ba haske zai sauka a kan aikin dabam-dabam, launi ɗaya ya zama kamar biyu.

Abin da ya sa bangon kundi ya dace da wannan ɗinki shi ne siffarsa. Tun da kamfanin Columbia ya fitar da babban faifan garmaho mai inci 12 a shekarar 1948, jakar faifan ta kasance mai kusurwa huɗu daidai-wa-daida, ƙyallen ma haka gidajensa suke. Wanda ya ce zai yi bango mai inci 12 a ƙyalle mai gida 14, to zai cike gida 168 a tsaye da 168 a kwance, wato gida 28,224. Shi ya sa da yawa kan tsaya a girman bangon faifan CD, santimita 12, wanda bai wuce gida 66 sau 66 ba, wato 4,356. Amma raguwar gidaje na rage bayyanar hoto, fuskar mawaƙi ta koma 'yan dunƙule-dunƙulen launi. Kundin ƙungiyar mawaƙa ta Pink Floyd na 1973, mai baƙin fage da gilashi mai kusurwa uku da haske ke ratsawa ya fito launi shida, yana da sauƙi, musamman ga wanda ya sayi baƙin ƙyalle ya huta da ɗinke fagen, sai dai ya shimfiɗa farin tsumma a cinyarsa domin ya riƙa hango ramukan. Bangayen da Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela Kuti kuwa, masu cike da mutane da rubuce-rubuce, sukan tilasta wa mai aiki sauya zare bayan kowane gida biyu ko uku.

Yanzu ga sunayen. "Saƙa" ba ta shiga ba sam, domin mai saƙa shi ke samar da ƙyallen, mai wannan aiki kuwa ya tarar da ƙyalle ne ya yi masa ado. "Ɗinkin hannu" ya yi faɗi da yawa, har ɗinke yagaggen aljihu yana ciki. Kalmar da ta zama uwa a nan ita ce "surfani", ado da zare a kan tufa, saboda haka abin da muke nema shi ne kalmar da za ta bambanta wannan surfanin da sauran.

Wata 'yar'uwa mai wannan sana'a ta kawo "surfanin ƙirga", hujjarta kuwa mai ƙarfi ce: rabin aikin ƙirga ne. Mutum yana duban takardar tsari, inda kowane gida ke da alama, kowace alama kuma ke nufin lambar zare. A zaren kamfanin DMC na Faransa, wanda asalinsa ke komawa 1746 a birnin Mulhouse, 310 baƙi ne, 321 ja ne, kuma duk mai aikin da ya tsallake gida ɗaya a ƙirga, sai ya warware layin gaba ɗaya. Hajiya, na yarda da wannan duka, amma akwai wasu nau'o'in surfani da su ma ƙirga zaren ƙyalle ake yi, alhali zarensu ba ya hawa kan juna, kuma akwai irin wannan ɗinki da muke magana a kai da ake sayarwa an riga an buga hoton a jikin ƙyallen, ba a ƙirga komai. Sunan zai kwaso waɗanda ba nasa ba, ya bar wani nasa a waje.

An kuma kawo "ɗinkin gida-gida", tun da muna cewa yadi mai gida-gida. Yana da daɗin faɗa, sai dai duk Bahaushen da ya ji shi zai ɗauka tela ne mai ɗauke da keke a kafaɗa yana bin ƙofofi.

Saura "surfanin gicciye", wanda shi ne fassarar kai tsaye, kuma ba kuskure ba ne, domin asalin kalmar ba ya nufin komai face ɗora abu a kan wani a karkace, kamar yadda muke cewa itace ya faɗi a gicciye. Duk da haka, a kunnen mafi yawan masu jin Hausa a yau, Musulmi da Kirista, "gicciye" alama ce ta addini kafin ta zama siffa, kuma suna mai buƙatar a yi ta bayani duk lokacin da aka furta shi ba ya nisa. Ba dole ba ne ma mu bi sawun Turawa. Matan Falasɗinu, waɗanda hukumar UNESCO ta sa surfaninsu cikin al'adun gado na duniya a 2021, da wannan ɗinki suke yin mafi yawan adon rigunansu, kuma suna kiran sa "fallahi", wato na manoma.

Shawarata ita ce "gitta-zare". Tushensu ɗaya da "gicciye", amma "gitta" ba ta ɗauki nauyin da waccan ta ɗauka ba, tana nan a matsayin aikatau na yau da kullum. Ginin kalmar ma namu ne, aikatau haɗe da abin da aka aikata wa, irin su "share-fage" da "ɓata-gari". Tana kuma faɗin ainihin abin da hannu ke yi a kowane gida. Wani malami ya ce ai masaƙi ma yana gitta zare a kan zare. Gaskiya ne, Malam, shi ya sa cikakken sunan zai zama "surfanin gitta-zare" a rubutu da wurin koyarwa, baki kuma zai gajarta shi da kansa.

Batun "album cover" bai kai a daɗe a kansa ba. Muna da "bangon littafi", muna da "kundin waƙoƙi", don haka "bangon kundi" ya wadatar, wanda ya fi son "bangon albam" ma ba za a ce ya yi laifi ba.

Na gwada kalmar a jimla, ta zauna: "Ta yi bangon kundin da gitta-zare." "Yana koyon gitta-zare a baƙin ƙyalle." "Masu gitta-zare sun fi son hoto mai ƙarancin launi." Takardar da ake duba a kira ta "tsarin gitta-zare", abin da ake ƙirgawa kuwa a bar shi a "gida", a ce aikin nan gida 4,356 ne, an cike 3,000, saura kaɗan.