Wa ya taɓa raba kansa da "Today, Yesterday, A long time ago" a foldar Downloads?

Mai shagon buga takardu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya taɓa shan wannan ya fita. Foldar Downloads ta kwamfutar shagona ta kasa fayilolina kashi-kashi: Today, Yesterday, Last week, har zuwa wani "A long time ago" can ƙasa. Ni aikina da suna nake yi. Kwastoma ya ce sunansa da harafin M ya fara, in danna Name komai ya jeru, in ɗauko nasa. Yanzu in na danna Name, kowane kashi jera kansa yake yi daban, sai ka ga M a wuri huɗu. Shekaranjiya wata baiwar Allah ta tsaya a kaina kusan minti goma da jariri a baya, ina neman takardar da na kwafo daga filashinta da hannuna, yaron yana kuka, ni ina gumi. Na kashe abin sau biyu, yana dawowa. Don Allah wanda ya san kansa ya taimaka.

Mai gyara, Kano:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ba ƙwayar cuta ba ce, kada wani ya karɓi kuɗinka ya ce zai yi maka fomatin. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2019, wadda ake kira 1903, foldar Downloads take zuwa a haka, kuma Windows 11 ta gāji halin.

Takardar matar nan kuwa na san inda ta shiga. Tsarin ba ya duba ranar da fayil ya shigo foldar, ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe yake dubawa, wato Date modified. Abin da ka sauke daga intanet yawanci yana ɗaukar kwanan yau, shi ya sa kake ganinsa a sama. Amma abin da ka kwafo daga filashi da tsohon kwanansa yake tahowa. In an rubuta takardar shekara biyu da suka wuce, to ko yanzun nan ka kwafo ta, gindin folda za ta tafi ta kwanta. Haka ma yawancin abin da ka warware daga zip.

Wajen kashewa mutane rabin aiki suke yi. Ka buɗe Downloads, ka danna dama a fili inda babu fayil, ka zaɓi Group by, sannan None. A nan kowa yake tsayawa. Saura ka shiga Options, a Windows 11 yana ƙarƙashin ɗigo ukun nan na sama, ka buɗe shafin View, ka danna Apply to Folders, ka amsa Yes. Wannan ne yake sa ƙananan foldojin da ke cikin Downloads su bi sahu.

Sakatariyar makaranta:
Malam mai gyara, na yi duk wannan tun bara, kuma ya zauna, amma a File Explorer kawai. Da zarar na shiga Word na ce Open, ko zan liƙa takarda a imel, ƙaramar tagar da ke buɗewa sai ta fito min da kashe-kashen nan kamar ban taɓa komai ba. Na ɗauka ni ce ban iya ba, har na daina faɗa wa kowa. Wata rana da haushi na danna dama a cikin ƙaramar tagar kanta, sai ga Group by a ciki. Ashe ita ma nata saitin daban take riƙewa. Na kashe a Word, na kashe a burauza, na kashe a manhajar sikana, ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Yanzu lafiya lau, sai dai in an sa sabuwar manhaja in je in yi mata nata.

Abu ɗaya da ya taɓa tsinka min zuciya: akwai 'yar kibiya a gefen kowane kan kashi. Hannuna ya taɓa ta ban sani ba, duk sakamakon jarrabawar da na sauke ranar ya naɗe ya ɓace daga ido. Na riga na fara salati, wani ɗalibi ɗan aji uku ya miƙo hannu ya sake danna kibiyar, komai ya dawo. Ban ce masa komai ba, na dai ba shi biskit.

Ɗalibi daga Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Ga waɗanda injinsu yake da Faransanci irin namu na nan, kada ku sha wahalar neman Group by. Foldar sunanta Téléchargements, abin da za ku danna shi ne Regrouper par, sannan aucun. Kashin ƙasan nan kuma "Il y a longtemps" yake cewa. Na ɓata yamma guda ina bin bayanin Turanci ina neman kalmar da babu ita a allona.

Malamin lissafi mai ritaya:
To ni ku yi haƙuri, zan saɓa muku. Ina son abin nan. Downloads a wurina kamar zaure ne, baƙo ya sauka a gaisa, a kai shi masaukinsa. Abin da na sauke yau ina ganinsa a sama, in kwashe shi in kai inda ya dace, shi ke nan. Duk wanda tsarin ya dama, in ka bincika za ka tarar ya mai da zauren ɗakin ajiya. Alhaji mai shago, tsakaninka da Allah fayil nawa ne a foldar nan?

Mai shagon buga takardu:
Baba malam, kada ka tona ni a bainar jama'a. Sun haura dubu uku. Amma ka yi min adalci, lokacin rajistar jarrabawa mutum hamsin za su turo takardu a wuni ɗaya, wa ke da sukunin kai kowa masaukinsa?

Mai gyara, Kano:
Baba ya faɗi gaskiyarsa, amma shago ba gida ba ne. Alhaji, akwai wata hanya da nake yi wa masu irin sana'arka, ba ta buƙatar kokawa da komai. Ka buɗe sabuwar folda taka ta kanka, in akwai D: a kwamfutar, wato ɓangaren ajiya na biyu ban da C: inda Windows take, ka sa ta can, ka ba ta suna. Sai ka shiga Settings na Chrome, wajen Downloads, ka canza Location zuwa ita. Windows tana ɗaukar Downloads a matsayin folda mai nau'i na musamman, wannan rabe-raben a jikin nau'in yake. Foldar da ka ƙirƙira a wani wuri gama-gari ce, ba ta zuwa da shi. Ƙarin riba, ranar da Windows ta lalace aka sake ɗora ta a C:, takardun mutane suna D: ba abin da ya same su.

Masu cewa a shiga registry, wato rumbun saitunan Windows na can ciki, e, ana yi, can saitin asali yake. Amma an taɓa kawo min kwamfutar da mai ita ya bi wani bidiyo ya goge abin da bai kamata ba, sai da na kwana a kanta. In dole sai ka bi ta nan, ka fara yin restore point, wato ajiyar saitin injin da za ka koma gare ta in abu ya lalace. Akwai kuma wata 'yar manhaja kyauta, WinSetView, da ke saita kamannin foldoji gaba ɗaya har da kashe wannan, na yi amfani da ita a injuna da dama.

Sannan ka duba agogon kwamfutarka. In ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta kwanan wata zai koma baya. Abin da ka ajiye a wannan halin tsohon kwana zai ɗauka, bayan ka gyara agogo sai ka gan shi a "A long time ago" alhali ɗazu ka yi shi.

Mai zanen kati da fosta:
Mu masu Mac ma muna da ɗan'uwansa, Stacks, tun macOS Mojave ta 2018. Shi ba ya kunna kansa, sai an kunna. Ƙanwata ce ta taɓa min, na dawo daga masallaci na tarar da allon da ke cike da aikin mutane ya zama fayau, sai 'yan tsibi uku a gefen dama, hotuna a tsibi ɗaya, PDF a ɗaya. Danna dama a kan allon, cire alamar da ke jikin Use Stacks, komai ya watsu ya dawo. Ni hargitsin allona na san kansa, kowane lungu da mai shi.

Mai shagon buga takardu:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi Apply to Folders, na bi shawarar Hajiya sakatariya na kashe a tagar Word da ta burauza, na kuma buɗe sabuwar folda a D: na sa mata suna KWASTOMA. Yau kwana uku bai dawo ba. Agogon ma na duba, ashe yana baya da wata biyar, gobe zan aiki yaro ya sayo batirin. Baba malam, dubu ukun nan suna nan yadda suke, sai bayan sallah.