Yajin aiki ya taɓa ciyar da gidan ma'aikaci kuwa?

Injiniya Samaru: Salamu alaikum jama'a. Satin nan ina ta karance karance kan tarihin masu narka ƙarfe a Pittsburgh ta Amurka, kuma wallahi abin da na fito da shi shi ne yajin aiki bai taɓa ciyar da gidan ma'aikaci ba, mata da yara ne ke biyan kuɗinsa. Ku ɗauki masana'antar ƙarfe ta Homestead kusa da Pittsburgh a 1892, kamfanin Andrew Carnegie. Manajansa Henry Frick ya rage lada, ya zagaye masana'antar da shinge da waya mai ƙaya, ya kulle ma'aikata wajen 3,800 a waje. Ranar 6 ga Yuli ya kawo masu gadi na haya 'yan Pinkerton su 300 ta kogin Monongahela, aka yini ana harbe harbe aka rasa rayuka ɓangare biyu, bayan kwana shida gwamna ya turo sojojin jiha sama da 8,000. Zuwa Nuwamba yunwa ta sa sun koma aiki a kan ladan da suka ƙi tun farko, jagororin kuma babu kamfanin da ya sake ɗaukarsu. To me uwargida ta samu a nan?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Injiniya. Ka faɗi yadda aka ƙare amma baka faɗi irin rayuwar da mutanen ƙarfe ke ciki a zamanin ba. Mutum yayi awa 12 gaban tanderu, da yawansu kwana bakwai a sati, kuma duk sati biyu idan za a juya masu dare su koma rana sai ya yi awa 24 a tsaye bai je gida ba. Wane iyali ne wannan dan Allah? yaro ya tashi uba ya fita, ya kwanta uba bai dawo ba. Binciken da aka yi a yankin ya ƙirga mutum 526 da suka mutu a bakin aiki cikin shekara ɗaya, 1906 zuwa 1907, kuma 195 daga ciki masu aikin ƙarfe ne. Zaman lafiyar da kake so su yi ai shima kashe su yake yi

Injiniya Samaru: Ban musa ba yayana. Amma tambayata, yajin ne ya gyara? A Satumbar 1919 sun sake fita, wajen mutum 350,000, shugaban babban kamfanin ƙarfe na US Steel Elbert Gary ko zama da su ya ƙi yi, Janairun 1920 suka watse hannu rabbana. Awa 12 ɗin ba a daina ta ba sai 1923, kuma lokacin babu wani yaji, matsin jama'a ne da na shugaban ƙasa Harding. Ko a 1937 da US Steel ya amince da ƙungiyar ma'aikata, a kan tebur aka yi.

Baban Khalifa: To waye ya tayar da jama'ar? Haka kawai suka farka da tausayi? Yajin 1919 ne ya sa malaman coci suka kafa kwamiti suka shiga garuruwan suka rubuta abin da suka gani, daga nan kunya ta kama kamfanin. Kuma tebur ɗin 1937 an hau shi ne bayan dokar 1935 da ta ba ma'aikata 'yancin ƙungiya, kamfani ya hango abin da ke tafe. A 1937 ɗin dai ƙananan kamfanonin da suka ƙi, a Shikago 'yan sanda suka harbe mutum 10 masu yaji. Wanda ya shuka ba lallai shi zai ci ba

Maman Ummi: Ku yi haƙuri in sa baki, tun ɗazu maza kuke ta lissafa shekaru. Ni abin da ya tsaya min a labarin garuruwan nan shi ne matan. Albashin miji baya kaiwa ƙarshen wata, musamman baƙin da suka zo daga gabashin Turai, sai matar ta cika gida da 'yan haya gwagware, ita ce dafa musu ita ce wanke kayan da suka yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ruwa kuma sai ta ɗebo a famfon tsakar gida, a ɗaki biyu ga yara. Gado ɗaya mai aikin dare ya tashi mai aikin rana ya kwanta. Idan aka shiga yaji 'yan hayar ma basu da abin biya, kenan ƙofa biyu ta rufe mata lokaci guda. Na san wannan don na gani a gidanmu. Babanmu a masaƙa yake a Kakuri, mun taso da jiniyar canjin aiki, ita ce agogonmu. Duk lokacin da aka ce an shiga yaji ko an riƙe albashi Innarmu ce ke tashi tun asuba ta soya ƙosai, ta saida kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya, mai kanti ya rufe littafin bashi, adashi ya watse don duk matan layin mazajensu wuri ɗaya suke aiki. Babu wanda ya taɓa tambayarta ra'ayinta kafin a ɗaga hannu a taro.

Injiniya Samaru: Yauwa Hajiya, maganata kenan

Maman Ummi: A'a Injiniya kar ka ja ni gefenka. Innar tamu da kanta take ce wa Baba kar ka kuskura ka shiga ta bayan gida ka koma aiki ka bar 'yan uwanka a waje, ba zan iya haɗa ido da matansu ba. Kuma a Homestead ɗin da ka kawo ai mata na bakin kogin ranar, da 'yan Pinkerton suka miƙa wuya har da su a masu dukansu. Ba wai an ja su bane, sun san abin da ake faɗa a kai. Abin da nake cewa wahalar tasu ba a rubuta ta a takardar sulhu.

Baba Tudun Wada: Yarana sannunku. Ban iya dogon rubutu ba amma wannan magana tawa ce, shekara ashirin da wani abu na yi a masaƙa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Injiniya ɗana, kuɗin ƙarin lokaci da hutun shekara da asibitin ma'aikata da muka samu ba kyauta aka bamu ba, sai da muka kashe inji. Ko a ƙasar nan 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa su Michael Imoudu suka ja yaji na sama da kwana 40 kan tsadar rayuwa bayan yaƙin Hitila, Bature ya ce babu kuɗi, daga baya ya ƙara. A 1949 aka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. Ku da kuke wucewa ta kwatas ɗin reluwe a Sabon Gari ku sani mutanen da suka zauna a ciki sun ga abubuwa. Amma gaskiya ɗaya zan faɗa maka, ranar da aka rufe mana masaƙa babu yajin da ya yi amfani, don wanda ya riga ya kashe injinsa me zaka tsorata shi da shi? Abokaina da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu, Allah ya jiƙansu

Baban Khalifa: Amin Baba. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗan Kwarbai: Amin. Ni dai ina bayan Injiniya kaɗan. Ku duba yajin malaman jami'a na 2022, wata takwas, Samaru ta zama kufai, masu abinci da masu hoto da 'yan acaɓa da masu gidajen haya duk sun ji a jikinsu alhali ba su aka yi wa alkawari ba. Garin da ya dogara da wuri ɗaya haka yake

Injiniya Samaru: Baba na karɓi gyara a kan ƙarin lokaci da asibiti, ba zan yi jayayya da wanda ya tsaya gaban inji ba. Amma ga inda har yanzu nake tsaye. 1959 ma'aikatan ƙarfen Amurka rabin miliyan suka yi yaji na kwana 116, lokacin suna da ƙarfi suna da albashi mai kyau. Masu sayen ƙarfe suka juya Japan da Turai, a shekarar ne karo na farko ƙarfen da Amurka ta shigo da shi ya fi wanda ta fitar, kuma da yawa basu dawo ba. 1986 aka rufe Homestead ɗin gaba ɗaya, yau kantuna ne a wurin.

Baban Khalifa: Haba Injiniya, shekara 27 tsakani fa. Japan ta gina sabbin tanderu na zamani su kuma masu kamfanin suka zauna kan tsofaffi, wannan ma laifin lebura ne? Namu masaƙun na Kaduna yaji ne ya kashe su ko rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar fasa ƙwauri? Ajakuta fa, tun 1979 aka ba Rashawa kwangila, har yau bata narka ƙarfe yadda aka tsara ba, wane ma'aikaci ne ya hana ta?

Maman Ummi: Baba ina da tambaya gare ka. Lokacin da kuke shiga yaji, ƙungiya na ware wani abu don gidaje? ko mudun masara ne?

Baba Tudun Wada: 'Yata duk wata ana cire mana kuɗin ƙungiya. Amma ni dai a yajin da na shiga ban taɓa kai ko tiya ɗaya gida daga can ba. Mai ɗakina ce ta riƙe mu da kitso da saida gyaɗa, yara shida, har aka buɗe ƙofa. Tana nan kusa da ni yanzu, na karanta mata abin da kika rubuta kan Innarki, ta ce in tambaye ki wane layi kuka zauna a Kakuri