Tambaya: Idan haɗarin mota ya ci rai a babbar hanya, wa ke binciken musabbabi, kuma wane horo gare shi?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masana harkar hanya ce. Duk sadda aka yi mummunan haɗari a hanyar Katsina zuwa Daura ko ta Kano, kafin gari ya waye sanarwa ta fito: gudun wuce kima ne, ko taya ce ta fashe, ko direba ne ya sha gaban mota a inda bai dace ba. To da me ake gane haka cikin 'yan awoyi? Mota ta kwankwatse, wataƙila direban ya riga mu gidan gaskiya, jama'a sun tattake wurin. Aikin wa ne, 'yan sanda ko 'yan rod-sefti ko VIO? Akwai waɗanda aka ware aka horar don wannan kaɗai, ko duk wanda ke bakin aiki ranar shi ne mai bincike? Magana ce ta haƙƙin rai, don da rahoton nan ake zuwa kotu, da shi ake maganar diyya da inshora.

Baban Sadiya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hannu uku ne a cikin aikin, kowane da iyakarsa.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ake kira ta lambar 122. Nata shi ne ceto, buɗe hanya, da tattara bayanan haɗarin don a gano abin da za a gyara. Rundunar Katsina tana ƙarƙashin shiyyar Kaduna, tare da Kano da Jigawa. Fayil ɗin shari'a kuwa na 'yan sanda ne, sashen trafik: su ke zana wurin, su ɗauki bayanin shaidu, su tsare direba in ya rayu, su tura fayil ma'aikatar shari'a don shawara. VIO ma'aikacin jiha ne, shi ke duba motar kanta ya rubuta halin da birki da sitiyari da tayoyi suke ciki. 'Yan KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Katsina, in suna kusa sukan taimaka da tsare hanya.

Sanarwar da kake ji da safe ba sakamakon bincike ba ce. Takardar farko ce, wadda ake cikawa a bakin hanya da gajerun alamomi, SPV na gudu, TBT na fashewar taya, LOC na ƙwacewar mota. Hasashen mai ido ne da gogewa. Sau da yawa yana dacewa, amma ba a auna komai ba tukuna. Binciken gaske kwanaki yake ɗauka, wani lokaci makonni.

Batun horo. FRSC tana da makarantar manyan jami'ai a Udi ta jihar Enugu, da ta ƙananan ma'aikata a jihar Filato. Kowa yana samun horon bai-ɗaya na taimakon gaggawa da dokar hanya da cika takardar haɗari, amma mai bincike sai an ƙara mashi wani karatun. A Amurka, inda fannin ya daɗe, Jami'ar Northwestern tana koyar da shi tun 1936, kuma hawa-hawa ake yi: kwas ɗin aikin bakin hanya, sai na lissafi da nazarin taya da fitila, sai na sake gina haɗarin daga farko har ƙarshe, kowane wajen awa 80. 'Yan sintirin babbar hanya na Kalifoniya suna da ayari na musamman da ake kira MAIT, wanda ya ƙunshi saje, da jami'an bincike, da masanin manyan motoci, da injiniyan hanya. Hikimar ita ce haɗari ƙafa uku gare shi, mutum da mota da hanya, kuma ba mutum ɗaya da ya ƙware a duka.

A ganina inda gizo ke saƙar shi ne yawan hannu. Wurin da aka rasa rai yana son aƙalla mutum shida: biyu su tsare hanya gaba da baya, biyu su yi ceto, biyu su yi awo, don tef ba ya riƙe kansa. In mutum huɗu ne suka iso, ceto za su yi, kuma daidai ne, rai ne gaba. Awon sai ya sha ruwa. Na biyu, aikin kaki aikin canjin wuri ne. A horar da mutum, bayan shekara a mai da shi wani ofis, hannunsa ya yi sanyi. Mai bincike yana son a bar shi a kan aikin shekaru, kuma wani gwani ya riƙa duba lissafinsa kafin rahoto ya fita.

Injiniya na Layout:

Baban Sadiya ya gama magana kan tsari. Bari in shiga abin da ake yi a kan kwalta, don nan ne bincike ke tsayawa ko ya faɗi.

Farko a tsare wurin da nisa. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gani ya taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi, mita 42 ta tafi. Birkin kansa a busasshiyar kwalta yana son mita 56. Kusan mita 100 ke nan. Don haka ganyen da ake jefawa taku ashirin daga wurin bai tsare kowa ba. Alama ta fara daga mita 150 ko fiye, kuma in akwai kwana a sa ta kafin kwanar.

Sai abin da ke saurin ɓacewa. Kafin janwe ta taɓa mota, a fesa fenti a ƙasan kowace taya, a yi alamar inda kowane mamaci ya kwanta, da farkon sawun birki da ƙarshensa. Farkon sawun dishi-dishi ne, sai an durƙusa an kalle shi a karkace, kuma motoci goma in sun bi ta kai shi ke nan. Hoto daga nesa, daga tsakiya, daga kusa da ma'auni a gefe. Awo kuma ana ɗaure shi da abin da ba ya motsi, kan kwalbati ko falwaya mai lamba ko dutsen kilomita. Ba bishiyar da gobe za a sare ba, ba rumfar mai shayi ba. Ko dai a shimfiɗa tef a gefen kwalta a auna kowane abu tsawo da faɗi daga gare shi, ko a auna shi daga wurare biyu tabbatattu. Jirgi marar matuƙi yana rage lokaci sosai, amma tef mai mita 50 da gwangwanin fenti da fitila mai kyau sun isa a yi aikin da zai tsaya a kotu.

Babban kuskure shi ne ɗaukar tarin gilashi a matsayin inda aka yi karo. Gilashi da robobi suna tafiya da gudun motar, su zube can gaba. Abin dogaro shi ne ramin da ƙarfen ƙarƙashin mota ya ƙwaƙule a kwalta lokacin da gabanta ya nutse, da inda sawun taya ya karye ya canza hanya farat ɗaya. Wannan ramin ne ke nuna wa ya shiga hannun wani.

Lissafin gudu daga sawun birki ba shi da wuya: 254 sau riƙon kwalta (lambar da ke nuna yadda kwalta ke kama taya) sau tsawon sawu a mita, sai a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da abin da aka samu. Sawu mita 36, busasshiyar kwalta mai riƙo 0.7, ya ba da kusan 6,400, wato kilomita 80. To ga tarkon. In iska ta watso yashi a kan kwaltar, kamar yadda muke gani a hanyoyin arewacin jihar nan lokacin hunturu, riƙon yana iya sauka zuwa 0.45, kuma wannan sawun dai zai ba da kilomita 64. Bambancin ya isa ya ɗaure mutum ko ya wanke shi. Shi ya sa ba a ɗauko riƙo daga littafi. Ana gwada shi a wurin, a ranar, da wata mota a gudun da aka sani. Kuma amsar mafi ƙarancin gudu ce. In motar ta ja birkin nan sannan ta doki wata da saurin 40, ba a cewa 80 da 40 sun zama 120. Ana ninka kowace da kanta, a haɗa, sai a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar: kusan 89.

Motar da ke da ABS, birkin da ke hana taya kullewa, ba ta barin baƙin sawu. Rashin sawu ba hujja ba ce cewa direba bai taka birki ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Allah Ya ƙara basira, Injiniya. To in direba ya rantse cewa birki ne ya ƙwace, ko taya ce ta fashe kafin karon, ta yaya za a gaskata shi ko a ƙaryata, alhali motar ta zama tarkace?

Usta na Tashar Daura:

Ƙarfe yana ba da shaida, ɗana, in ba a lalata ta ba.

Taya tukuna, don ita aka fi ɗora ma laifi. Tayar da ta fashe tana tafe tana barin sawu mai kaɗawa a kwalta kafin wurin karo. In an cire ta daga rim za a ga garin roba a ciki, gefenta ya yamutse saboda zafi, alamar ta daɗe tana tafiya da ƙarancin iska ko lodin da ya fi ƙarfinta. Wadda karo ya fasa kuwa yankanta tsaf ne, kuma yana daidai da inda rim ya lanƙwashe. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. A auna iskar sauran tayoyin kuma, don mai faci yakan dura 50 a motar da takardar jikin ƙofarta ta ce 32.

Birkin ƙaramar mota: a duba man birki, a taka feda a ji ko yana riƙewa, a bi tiyo a ga inda ya tsage. Tsohon yoyo yana da datti da ƙura manne, sabon tsagewa fes yake. Tirela da tanka daban ne. Birkinsu na iska ne, kuma in iska ta ƙare sifirin ne ke danne tayoyin baya su kulle. Don haka "iska ta ƙare" ba ta cika zama amsa ba. Abin da aka fi samu shi ne lainin ya cinye, ko ba a ɗaure ajasta ba, ko an toshe tiyon wata ƙafa don tana yoyo, sauran suka ɗauki nauyin har dirom ya yi zafi ya daina kamawa. Ana ba motar iska 90 zuwa 100 a geji, a taka, a auna fitar sandar kowace tukunyar iska da ke tura birki. A tukunya mai lamba 30, in ta wuce inci 2, ƙafar ba ta aiki yadda ya kamata. Amma a auna kafin masu janwe su kwance sifirin ko su juya ajasta don su ja motar. Da zarar sun sa sifana, shaidar ta tafi.

Haɗarin dare kuma, musamman na afka ma babbar motar da ta tsaya, kwan fitila ne alƙali. Zaren kwan da ke kunne yana da zafi, karo yana miƙar da shi ya lanƙwashe. In gilashin ya fashe yana kunne, zaren yana baƙi. Wanda ke kashe karyewa yake yi yana ƙyalli. Don Allah kada kowa ya kunna fitilar motar da ta yi haɗari wai yana gwadawa. Sabbin fitilun LED ba su da zaren, wannan dabarar ba ta aiki a kansu.

Motoci da yawa da aka shigo da su daga Amurka, irin su Toyota, ƙwaƙwalwar jakar iskarsu tana ajiye kamar daƙiƙa biyar kafin karo: gudu, birki, totur, da ko an ɗaura bel. Sai da na'urarta ake karantawa. Allurar gudu da ta maƙale a 120 kuwa, ni dai ba na yarda da ita ita kaɗai, karo yana iya wurga ta ko'ina.

Maman Khalifa:

Sannunku da ƙoƙari, Malamai. Ɓangaren asibiti ne ban ji an taɓa ba. Mu Musulmi ba ma son jinkirta jana'iza, kuma ba sai an jinkirta ba. Kafin a miƙa gawa ga dangi, rabin awa ta isa likita ya rubuta raunukan da ke jiki, a ɗauki hoto cikin sutura da mutunci, mace ta duba mace. Sawun bel yana nuna kujera: a motocinmu masu sitiyari a hagu, na direba yana gangarowa daga kafaɗar hagu zuwa ƙugun dama, na mai zaman gaba akasin haka. Da shi da raunin sitiyari a ƙirji ake warware gardamar wa ke tuƙi, musamman in wanda ya rayu ya ɗora ma mamaci.

Jinin direba, in za a gwada shi don giya ko ƙwaya, a ɗauka da wuri, a rubuta lokaci, a rufe da hatimi, duk wanda ya karɓa ya sa hannu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, don haka ba a jiran takardar 'yan sanda kafin a fara magani.

Sannan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne duk wanda ya cika cikin kwana 30 saboda raunin haɗarin, haɗarin ne ya kashe shi. Mai bincike ya rubuta sunan kowane majinyaci da asibitin da aka kai shi da lambar wayar ɗan'uwansa, har waɗanda aka wuce da su Kano ko aka kai wurin mai ɗori a ƙauye, ya sake kira ranar cikon kwana talatin kafin ya rufe fayil.